INA KA BA ƘANENKA YA AJIYE LITTAFINSA?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ɗan sa-kai ya gabatar a zaman matasa na bayan La'asar a unguwar Arkilla, Sakkwato. Mun kawo shi kamar yadda aka naɗe, in ban da 'yan gyare-gyare. A sha karatu lafiya.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, 'yan uwa, kun dai san ni ba malami ba ne, ɗalibi ne, ga malamaina nan zaune, inda na kauce sai a gyara mani.

Da aka ce ni ne da magana yau, aka tambaye ni a kan me zan yi, na ce a kan yadda za a adana littattafan yara ƙanana a cikin gida. Wani ɗan uwa, ga shi can yana sunkuyar da kai, dariya ya yi, ya ce wannan ai zancen mata ne, a kai shi makarantar matan aure. To ina roƙon ya ba ni aron kunnensa na ɗan lokaci, in na gama sai ya sake yanke hukunci.

Abin da ya jawo wannan magana a gidanmu ya faru, cikin daminar bara. Ina da ƙane ɗan shekara bakwai. Baba ya yi ta fama har ya sayo masa littattafan aji biyu, ya haɗa masa da sabon Juz'u Amma na Islamiyya, kuma duk wanda ya shiga kasuwa kwanan nan ya san abin da littafi ya koma. Ba a yi wata guda ba aka koro yaron daga Islamiyya, ba shi da Juz'u. Na tambaye shi ina yake, ya ce bai sani ba. Na kwaɗa masa mari. Da muka ɗaga tabarmar da suke kwana a kai, sai ga littafin a jikin bango, danshi ya jiƙa shi, gara ta shiga ta cinye kusan rabi. Ina cikin faɗa sai Inna ta leƙo ta ce mani, "To kai da kab buge shi, ina kab ba shi shi aje?" Wallahi 'yan uwa ban sami amsa ba. Ni ina da akwati mai kwaɗo da nake kulle nawa littattafan. Wayata tana da riga, cajarta tana da ƙusar da nake rataye ta. Takalmin Juma'ata ma yana da wurinsa. Shi kuwa yaro ɗan shekara bakwai an danƙa masa dukiyar da mahaifinsa ya yi gumi ya saya, ba a nuna masa ko taku ɗaya a cikin gidan an ce nan ne naka ba, sannan an dawo ana dukansa. Kwana tara ya yi bai je makaranta ba kafin a sami kuɗin wani, kuma da ya koma 'yan ajinsu sun wuce shi da sura uku.

Wannan shi ne abin da ke faruwa a gidaje da yawa a nan Arkilla da sauran unguwanni. Yaro ya dawo ya jefar da jaka a tsakar gida, akuya ta ja, ƙaramin ƙanensa ya yage, a zuba ruwa a randa ya fallatsa, gobe a ce yaron nan ba ya son karatu. Daga kora sai fashi, daga fashi sai jin kunyar komawa, daga nan sai ka gan shi a bakin titi.

To wa ke da alhakin gyara wannan? Baba ya fita tun da safe neman abin sawa a baka. Inna ga girki ga goyo ga wanki. Wanda ya rage, wanda ya yi makaranta ya san darajar takarda, kai ne, yaya. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a garin nan. Malam Abdullahin Gwandu, a cikin littafinsa Ida'un Nusukh inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta, ya bayyana cewa bayan ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, yana ɗan shekara goma sha uku aka miƙa shi hannun wansa, wato Shehu Usmanu, a wurinsa ya karanta Ishiriniya da Witiriya da littattafan nahawu da na tauhidi. An haifi Shehu a 1754, ya girmi Abdullahi da kimanin shekara goma sha biyu. Ku yi lissafi. Lokacin da aka ba shi riƙon karatun ƙanensa, Shehu yana wajen shekara ashirin da biyar ne, wato sa'an mafi yawanmu da ke zaune a nan. Wannan ƙanen shi ne ya zo ya rubuta tafsirin Liya'ut Tawili.

Kuma mutanen nan, ku dubi yadda suka riƙe takarda. Da aka tashi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, cikin tsoro da gaggawa, mutane suna barin gidajensu da rumbunansu, ba a bar littattafan Shehu a baya ba, a kan raƙuma aka ɗora su aka tafi da su. A zamanin nan takarda ba a kanti ake sayenta a bayan gida ba. Mafi yawanta daga ƙasar Italiya ake yo ta, mai tambarin jinjirin wata uku in ka ɗaga ta a haske, ta biyo ta Tarabulus ta keto Sahara a bayan raƙumi kafin ta iso hannun malami. Littafin kuma ba ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne. To yaya suka yi bai tarwatse ba? Mai rubutu in ya kai ƙarshen shafi sai ya rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a can ƙasa, ko da iska ta watsa takardun ana iya mayar da kowace mazauninta. Sannan a haɗa su a cikin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka ta fata, a rataye gafakar a sama inda gara da ruwa ba su kaiwa. Kun ga tsari kenan, kowane littafi da rigarsa, da jakarsa, da maratayinsa. Da irin wannan kulawa ne rubuce-rubucen Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, suka zauna a gidan Waziri fiye da shekara ɗari, har Waziri Junaidu ya buɗe wa masu bincike ƙofa, Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su aka buga a 1997, shekarar da shi Wazirin ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wanda bai taɓa zuwa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ba a cikin garin nan, ya daure ya je ya ga irin waɗannan takardu da idonsa, kuma ya tafi da ƙanensa.

Duk da haka ba su tsira daga asara ba. Bature Kyaftin Clapperton da ya zo Sakkwato karo na biyu a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci. Ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya yi murna da shi ƙwarai, ya shaida masa cewa da suna da kwafi a gidansu wanda wani ɗan uwansu ya samo daga Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidan. To in wuta ta ci littafi a gidan Sarkin Musulmi, ina ga ɗakinmu da muke kunna maganin sauro da kyandir a kusa da katifa?

Bari mu dawo gida. Abu na farko, kuma in shi kaɗai kuka riƙe ya wadatar, shi ne wuri. A sami wuri guda ɗaya a ɗaki a ce nan ne na littattafan yara, ba a ajiye kwano a nan, ba a ajiye man shafawa, ba a ɗora fitila. Ba sai ka je wurin kafinta ya yi maka kabad na dubban nairori ba. Ni abin da na yi, bulo huɗu na ɗauko daga ragowar gini, na ɗora falanki ɗaya a kai. Sharaɗi biyu ne kawai. Ya tashi daga ƙasa kamar kamu ɗaya ko biyu, kuma kada ya manne da bango, a bar tsakani kamar faɗin tafin hannu. Dalili kuwa, gara ta ƙasa take fitowa ta bi bango da hanyarta ta laka, danshin damina ma ta bango da daɓe yake hawowa. In akwai wannan rata, da ka leƙa za ka ga hanyar gara tun kafin ta isa ga takarda, sai ka kankare. A kuma duba sama, kada ya zama daidai inda kwano ke yoyo, ko ƙarƙashin taga inda feshin ruwa ke shigowa cikin Agusta.

Sannan kantar nan ta zama daidai tsawon yaro. Nan ne da yawa muke kuskure. Saboda tsoron kada a yaga, sai mu ɗora littafin can saman kabad inda sai babba ya miƙa hannu, ko mu kulle a adaka mu tafi da mabuɗi. Littafin ya tsira, amma ba a karanta shi ba, to me aka yi kenan? Adaka tana da ranarta. Mutanen Tambutu a ƙasar Mali, da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, a cikin akwatunan ƙarfe suka zuba dubban ɗaruruwan tsofaffin littattafai suka fitar da su a ɓoye, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako. Wato adaka ta gudun hijira ce da dogon ajiya. A gidanka, abin da za ka sa a adaka shi ne littafin da wannan yaro ya gama, na bayansa bai kai ba tukuna. Wanda ake karantawa yau kuwa ya zauna inda hannun mai shi zai kai ba tare da ya roƙi kowa ba.

Na san za a ce to ai akwai mai rarrafe a gidan. Gaskiya ne. Shi ma a ba shi nasa. A sami tsohon littafi mai hotuna, ko a yanko hotuna a manna a jikin kwali mai kauri, a sa masa a ɗan kwando a ƙasa. Yaron da ke da nasa abin dubawa ya fi sauƙin hanawa ya taɓa na wansa. Kuma yaro ƙarami da bai iya karatu ba da bango yake gane littafi, saboda haka nasa a jingine su fuskarsu na kallonsa, kada a jera su a tsaye gefe-gefe irin na manya. Kada kuma a tula masa duka gaba ɗaya, uku ko huɗu sun isa, bayan sati biyu a canza.

Alƙur'ani da Juz'u da duk abin da ke ɗauke da ayoyi, wannan kowa ya san hukuncinsa, shi ne a sama, ba a ɗora komai a kansa. Sai a ƙara falanki na biyu, ko a kafa ƙusa a rataye jakar Islamiyya irin yadda kakanninmu ke rataye gafaka. Allo ma a huda masa wuri ko a jingine shi a kan kanta, a daina barinsa a zaure kaji suna bi ta kai. Jakar boko daban, jakar Islamiyya daban, ko da ta buhun shinkafa ce aka ɗinka. Yawancin littafin da ke ɓacewa a wurin juye jaka ɗaya yake ɓacewa, yaro ya dawo boko da ƙarfe ɗaya ko biyu, ya zazzage a ƙasa, ya cusa Ahalari da Arba'una Hadisi ya ruga, Inna ta zo shara ta tattara sauran ta tura inda ta samu.

Game da sutura, duk littafin da ya shigo gida a yi masa riga a daren da ya shigo, kafin ya je makaranta. Tsohuwar kalanda tana yi, takarda mai kauri ruwan ƙasa tana yi. A rubuta sunan yaro da ajinsa a bango da kuma wani shafi a ciki, don bango yana iya cirewa. Littattafan nan ƙanana da ake danne tsakiyarsu da ɗan ƙarfe, irin Baƙadadi da littafin rubutu, ƙarfen yana tsatsa da damina ya cinye takardar, shafin tsakiya ya fara zubewa. Ka cire ƙarfen ka ɗinke da allura da zare, huda uku ta isa. Salatif kuwa ku rage dogara da shi. A zafin Sakkwato na Afrilu, da ake haura digiri 40, gam ɗinsa narkewa yake ya bar tabo, ledar ta ɓare ta bar yagar yadda take. Farin gam na kafintoci da 'yar takarda siririya ya fi. Kada kuma a liƙa da koko ko ƙullun fulawa, wannan kiran kyankyaso da ɓera ne zuwa walima. Haka man ƙosai da miyar da ke hannun yaro, shi ya sa wanke hannu kafin a taɓa littafi ba tsabta ce kawai ba.

In littafi ya jiƙe, kada a shanya shi a tsakiyar rana, zai kumbure ya murɗe. A tsayar da shi a inuwa inda iska ke wucewa, a bubbuɗe shafukan, in ya kusa bushewa a danne shi da abu mai nauyi. Kada a ƙulle shi a leda da sauran danshi, fumfuna za ta kama shi. Da hunturu kuwa matsalar ƙura ce, sai a yafa wani tsohon ƙyalle a kan kantar.

Akwai abu guda da nake so ku kai gida ku faɗa wa iyayenmu mata. Ƙwallayen kafur ɗin nan farare da ake zubawa a adaka don kwari, kada a sa su inda yara ke taɓawa. Yaro alewa yake ganinsu. Kuma likitoci sun tabbatar akwai yaran da aka haifa da wata larura ta jini, ta fi yawa a cikin maza kuma tana da yawa a ƙasarmu, waɗanda kafur ke farfasa masu jajayen ƙwayoyin jini har shawara ta kama su, jarirai ma ko a tufafi suka shaƙa yana iya yi masu illa. Balle fiya-fiya, wannan kada ma a kusantar da ita. Busasshen ganyen dogon yaro a cikin adaka ya fi aminci, amma babban maganin kwari shi ne a riƙa ɗagawa ana kaɗewa. Littafin da ake motsawa kullum gara ba ta samun sukunin zama a cikinsa.

Shi ya sa na ware ranar Alhamis, tunda babu Islamiyya. Bayan La'asar ni da ƙannena uku mukan sauke komai, mu share, mu ƙirga. Akwai ɗan littafin rubutu da na sa babbarsu ta lissafa abin da muka mallaka, yanzu guda talatin da ɗaya ne har da na boko. In ɗan maƙwabta ya ari Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗan Maiƙarfi, ita ke rubuta sunansa da rana, kuma wallahi ta fi ni iya bin bashi. Ban hana aro ba, don littafin da aka hana aro rowa yake koya wa yaro. Abin da na lura, tun da aka yi kantar nan, ba na cewa ku ɗauko littafi. Ina shigowa nakan tarar da ƙaramin a zaune gabanta. Wannan ya yi daidai da wani bincike da Mariah Evans ta Jami'ar Nevada a Amurka da abokan aikinta suka fitar a 2010, a kan ƙasashe 27, inda suka gano yaron da ya tashi a gida mai littattafai kamar 500 yakan zarce wanda ya tashi a gidan da babu ko ɗaya da kimanin shekara uku na zaman makaranta, kuma ko guda ashirin ne a gidan ana ganin bambanci. Ɗari biyar ta yi mana nisa, amma ashirin fa? In da ba mu bar na yayye sun lalace ba, gida nawa ne a Arkilla zai rasa ashirin?

Wannan ya kawo ni ga na ƙarshe, wato ina tsofaffin suke tafiya. Kowa a nan ya taɓa sayen ƙosai ko tsire ko gyaɗa ya buɗe takardar ya ga rubutun yaro, wani lokaci har da sunan Allah ko aya, mai ya jiƙe ta, daga nan sai kwata. Daga gidajenmu takardun nan suke fita, ana sayar da su a kilo. Duk ƙarshen zango ka zauna ka tace. Littafin karatu mai kyau ya shiga adaka ya jira ƙane, in babu ƙane a ba ɗan maƙwabci ko maraya. A nan ina roƙon a riƙa sa yara su yi aikin gida da fensir ko a littafin rubutu daban in malami ya yarda, don wanda aka cike da biro ba ya gaduwa. Littafin rubutu da bai cika ba, a ciro fararen shafukan a ɗinke su wuri guda, ga sabon littafi kyauta. Wanda ya lalace ba ya gyaruwa kuma akwai ayoyi a ciki, malamai sun yi bayanin a binne shi a wuri mai tsarki ko a ƙone shi da niyyar kare shi daga wulaƙanci, ga malamai nan za su ƙara mana haske a kan wannan in an zo tambayoyi. Shi Juz'un ƙanena da gara ta ci, ni da shi muka haƙa rami a bayan ɗaki muka binne, kuma a nan na ba shi haƙurin marin da na yi masa.

Ranar Alhamis mai zuwa in Allah ya kai mu, bayan La'asar, za mu zauna a nan. Na yi alkawarin kawo allura da zare da gam da tsofaffin kalandu, wani ɗan uwa kafinta kuma ya ce akwai guntayen katako a shagonsa ga mai so. Kowa ya zo da littattafan gidansu da suka yage, kuma ya riƙo hannun mai littafin su zo tare, don shi ma ya ga yadda ake ɗinkin. Shi ɗan uwan da ya ce zancen mata ne, shi za mu ba riƙon almakashi.

Abin da na faɗa daidai Allah ya ba mu ladarsa, kuskuren da ke ciki Allah ya yafe mani.